Sunan da Aka Rubuta a Kan Kaset

Edna ta sauka daga keke mai ƙafa uku a bakin layinsu na Shagari Low Cost wajen ƙarfe uku, rigarta ta jiƙe da gumi ta manne mata a baya. Watan Afrilu ne, zafin Yola ya kai inda yake kaiwa. Tun safe take tsaye gaban yara saba'in da biyu a ajin firamare na huɗu a Rumde, ajin da ba fanka, ko da akwai ma ba wuta. Shekarunta arba'in da biyar. Abin da take so kawai shi ne ta cire takalmi, ta ba mahaifinta abinci da maganinsa, ta miƙe a kan siminti.

Mahaifin nata, Malam Nicodemus, yana nan inda ta bar shi, a kujerar roba ƙarƙashin dogon yaro, hannunsa na dama kwance a cinya. Shekara huɗu ke nan da hawan jini ya taɓa masa wannan ɓarin. Yana tafiya da sanda, yana magana sarai, sai dai maganar ce ba ya so.

Shekara tara suke a wannan gida. Gidan Hajiya Asta ne, tsohuwar nas Bafulatana wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse Abuja da Kaduna. A watan Oktoban 2014, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Mubi mutane suka kwararo Jimeta a ƙafa da bayan manyan motoci, Hajiya Asta ta buɗe ƙofarta ta karɓi mutum ashirin da wani abu, ba ta tambayi kowa addininsa ba. Da ƙura ta lafa kowa ya kama gabansa. Edna da babanta ne suka rage a ɗakuna biyu na baya.

Su uku suka fito daga Mubi. Mahaifiyar Edna, Hilda, tana da ciwon suga, kuma a gudun nan an bar maganinta a kan tebur. Kwana biyu ta yi tana tafiya a daji, rana ta uku ta zauna gindin wata tsamiya ta ce su ba ta minti biyar. Wasu manoma da ba su san su ba ne suka taya su haƙa kabarinta da fartanya. Da aka ce gari ya dawo hannun gwamnati, Malam Nicodemus ya shiga mota ya je ya gani. Cocin da ya yi shekara talatin da takwas yana koyar da waƙa ya ƙone, ogan ɗinsa na kiɗa irin na dā, wanda ake taka wa da ƙafa yana shaƙar iska, ya zama gawayi da 'yan ƙarafa. Littattafai shida da ya rubuta waƙoƙinsa a ciki sun tafi tare da gidan. A motar da ta kai shi ya dawo. Tun daga ranar ba wanda ya sake jin ya rera waƙa. Ranar Lahadi yana zama a bencin ƙarshe, in an tashi waƙa ya tashi, bakinsa a rufe.

Edna na cikin zuba masa tuwo wayarta ta yi ƙara. Faston cocinsu ne. Ya ce wata Baturiya daga ƙasar Suwizalan ta yi shekara biyu tana neman wani Nicodemus Gerber mai waƙa, kowa na ce mata ba a san mai wannan suna ba, sai da wani tsohon dattijon coci ya ce ai Malam Garba mai ogan take nufi.

Gaskiya ne, a takarda sunansa Gerber. Yana ɗan shekara tara sanƙarau ya kashe mahaifiyarsa a wani ƙauye cikin duwatsun bayan Michika, mahaifinsa kuwa bai ma san shi ba. Wani Baturen mishan mai suna Nathanael Gerber ya ɗauke shi, ya sa shi makaranta, da aka zo rubuta sunan uba ya ba da nasa. Amma a Adamawa ba akawun da ya taɓa rubuta sunan daidai. A asibiti Garba, a katin zaɓe Garba, a rajistar 'yan gudun hijira ma Garba. Ya daɗe da daina gyara musu.

Fasto ya ce matar tana so ta zo da kanta. Edna ta ce za ta yi shawara, amma a ranta ta riga ta ƙi. Ta gaji da baƙi masu littafi da biro. Tun 2014 suke zuwa, su zauna a tabarma su tambaye ka yadda ka gudu, wa ka rasa, me ka ji a ranka, su rubuta, su ɗauki hoto, su shiga farar mota. Kai kuma a bar ka da abin da aka tono. Ta faɗa wa babanta labarin a taƙaice, ta ƙara da cewa za ta ce wa Fasto ba shi da lafiya.

Ya daɗe yana juya lomar tuwo a cikin miya. Sai ya tambaya ko matar dangin Nathanael ce. Edna ta ce an ce jikar ƙanensa ce.

"To ta zo," in ji shi. "Tuwon gidansu na ci shekara goma."

Bayan mako biyar ta iso. Sunanta Marlis, doguwa, ta ba hamsin baya, fuskarta ta yi ja saboda rana. Ta zo da wani ƙaton akwati mai siffar mutum wanda ya cika kujerar bayan keke, ita kuma ta matsu a gefe tana riƙe da shi. Da ta buɗe, sai ga goge irin na Turawa, amma babba, wanda ake tsayarwa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ta ce sana'arta ke nan, shekara talatin tana kaɗa shi cikin wata babbar ƙungiyar makaɗa.

Hajiya Asta ta shimfiɗa tabarmi a inuwa, ta kawo kindirmo mai sanyi da ruwa. Ta ƙare wa baƙuwar kallo, ta ce wa Edna da Hausarta ta Yola, "Baturiyan nan ya gaji, a bar shi ya sha ruwa tukuna." Edna ta koya wa Marlis ta ce masa Baba, ta ce wa Hajiya Asta Dada, wato uwa da Fulatanci.

Malam Nicodemus yana jin Turanci, amma tun ciwon nan ya fi son a yi masa da Hausa, don haka Edna ce ke fassara. Marlis ta ce danginsu dangin kiɗa ne. Akwai wanda ya shugabanci makaɗa, akwai mawaƙiya, akwai masu tsara kiɗa, har da wasu masu sunan da ba su haɗa jini da su ba. Da aka yi taron dangi sai aka ɗora mata aikin tattara sunayen duk wani Gerber da ya yi abin kirki a kiɗa, a yi ɗan littafi. Cikin kayan marigayi Nathanael akwai wani kaset da aka rubuta wa "N. Gerber, 1974, waƙoƙi goma sha huɗu". Dangi sun ɗauka shi ya tsara su a zamansa na Afirka. Sun rubuta su a takardar kiɗa, sun kaɗa ɗaya a jana'izarsa, har sun sha kaɗa su a gaban jama'a da sunansa. Sai ita ta ci karo da wata wasiƙa da ya aika wa 'yar'uwarsa, inda ya ce shi har yau bai iya riƙe murya ba, amma yaronsa Nicodemus ya yi sababbin waƙoƙi da suka cika coci.

Ta ce ta zo ne ta ba da haƙuri, ta kuma gyara. Malam Nicodemus ya ce Nathanael kam bai iya waƙa ba, in ya ɗaga murya har awaki sukan bar gindin taga. Shi ne karon farko cikin watanni da Edna ta ga gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

Marlis ta zauna a kujera, ta gyara gogen, ta kaɗa musu waƙar da suka yi a jana'izar. Sautin ya fito da kauri, a hankali, kamar kukan saniya daga nesa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Edna ta san waƙar, da ita aka raine ta, amma sai da aka yi nisa ta gane ta.

Da ta gama, tsohon ya dubi Edna. "Tambaye ta, wa ya mutu?"

Edna ta yi jinkiri, sannan ta fassara. Marlis ta ce su a wurinsu waƙar makoki ce.

"Waƙar niƙa ce," in ji shi. "Uwata ce ke yin ta in tana niƙa dawa da safe. Ni kalmomin coci kawai na sa mata, na raba ta murya huɗu. Da wannan jan da kika yi mata, sai rana ta faɗi ba a ci tuwo ba."

Ya ce duka sha huɗun haka suke, da wasu da yawa da ba su shiga kaset ba. Akwai ta niƙa, akwai ta rarrashin yaro, akwai ta hawan dutse da tulu a ka. Da aka kai shi gidan mishan yana kwana shi kaɗai a ɗakin ajiya, su yake maimaitawa don kada ya manta muryarta. Da ya koyi ogan sai ya tarar yatsunsa su suke nema. Bai taɓa faɗa wa Nathanael ba, domin a wancan zamani ba a son waƙoƙin gargajiya a coci. Sunan uwar tasa Kuve.

Marlis ta rubuta sunan, ta nuna wa Edna ko daidai ne. Sannan ta ce ta sa an juye kaset ɗin a waya, ko Baba yana so ya ji. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta ɗora wayar a kan tabarma ta taɓa.

Da farko shuuu kawai ake ji, da tarin wani, da ƙarar fedar ogan. Sai ogan ya shigo da sauri, da ƙarfi. Sai muryar wata yarinya ta ɗauki baitin farko ita kaɗai, siririya, tana hawa sama ba tare da wahala ba, kafin sauran su amsa.

Malam Nicodemus ya lalubi sandarsa, ya miƙe, ya shiga ɗaki ya saki labule.

Marlis ta kashe wayar da sauri, tana tambayar ko ta yi laifi. Hankalin Edna yana kan muryar yarinyar. Ba ta taɓa jin muryar nan a haka ba, ita da ta san ta da kaushi, tana kiran ta ta zo ta wanke kwanuka. Amma yadda yarinyar ke ɗan jan numfashi kafin kalmar ƙarshe, wannan ba ta canza ba har ranar tsamiya. A 1974 Hilda tana da shekara goma sha tara, ko auren ba a yi ba. Ba su da hotonta ko ɗaya, duk sun ƙone.

Abin da ya taso wa Edna fushi ne. Ta ce wa Marlis da Turanci, ba tare da ɗaga murya ba, cewa shekara tara tana lallaɓa mutumin nan ya ci abinci ya yi barci, yanzu an zo an buɗe masa ciwo saboda a cika littafin dangi. Jibi ita Marlis za ta hau jirgi, wa zai zauna da shi? Ta ce sunansa ya shiga littafi ko kar ya shiga, ranar Litinin ƙarfe bakwai tana aji. Marlis ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne. Ta fara mayar da gogen cikin akwati.

Hajiya Asta ba ta ji duk abin da aka faɗa ba, amma ta shekara talatin a ɗakin marasa lafiya. Ta ce wa Edna ta bar baƙuwar ta koma masauki ta dawo gobe, shi kuma Malam a ƙyale shi, kada a bi shi da magana. Ta ce mutumin da ya tashi da ƙafarsa ya shiga ɗaki ya fi wanda ya zauna kamar an dasa shi.

Da yamma bai ci abinci ba. Washegari Asabar, Edna ta kai masa kunu da safe ta tarar ya riga ya yi wanka ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ya tambaya ko Baturiyar za ta dawo. Ya kuma tambaya ko Hajiya tana da dutsen niƙa.

Tana da shi. Yana bayan kicin an kife tsohuwar roba a kansa, rabon da a taɓa shi tun da injin markaɗe ya zo layin. Edna da wata maƙwabciya suka mirgino shi inuwa, aka wanke, Hajiya Asta ta kawo dawa cikin ƙwarya. Da Marlis ta iso, tsohon ya ce ba zai iya bayyana mata saurin waƙar da baki ba, sai ta ji dutse.

Edna ce ta durƙusa. Rabonta da niƙa tun tana yarinya, in an kai ta hutu ƙauye. Gwiwoyinta suka yi ƙara, ɗan dutsen ya yi mata nauyi. Ta tura, ta jawo. Babanta ya ce ta yi sauri da yawa, mai niƙa ba ta gudu, tana da yini a gabanta. Hajiya Asta ta ce ta saki kafaɗa ta bar bayanta ya yi aikin. A hankali abin ya daidaita, turawa mai tsawo, jawowa gajera. Malam Nicodemus ya fara buga hannun hagu a hannun kujera. Marlis ta ajiye sandar gogen ta riƙa tsinkar igiya ɗaya da yatsa tana bin dutsen.

Sai ya fara rerawa da yaren uwarsa, ba kalmomin coci ba. Muryar ta dushe, tana karyewa, gefen bakin da ya mutu yana cinye wasu kalmomi. Ya kai ƙarshen baiti na farko, ya shiga na biyu, tari ya sarƙe shi. Aka ba shi ruwa. Da ya dawo ya nemi inda ya tsaya bai samu ba. Ya sake daga farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya ce akwai maganar wata akuya da ta ci gari, amma ya rasa yadda aka shiga cikinta.

Haka suka yi wannan yini da rabin Lahadi bayan an taso coci. Marlis tana naɗa a waya, Edna tana rubuta kalmomi da alamomin sauti na do-re-mi a bayan wani littafin aji yadda ya koya mata tun tana ƙarama. Yakan yi minti goma ya gaji, ya huta awa guda. Ya ce a littattafan da suka ƙone waƙa arba'in da uku ce. Sha huɗu suna kaset. A kwana biyun nan ya tono uku cikakku da guntayen wasu biyar. Da Marlis ta tambaya ko sauran za su dawo, ya ce Hilda ce mai riƙe kalmomi, shi sauti yake riƙewa.

Kafin ta tafi ta tambaye shi yadda yake so a rubuta sunansa. Ya ce a rubuta Kuve. Ta yi masa bayani cewa littafin na masu suna Gerber ne kawai, ba za ta iya ba Kuve layi nata ba, amma za ta sa ta a ƙarƙashin nasa, ta faɗi cewa sautin nata ne. Ya ce ta yi yadda dokar littafinta ta ce. Ta tura wa Edna waƙoƙin kaset ɗin duka a waya. A bakin ƙofa ta riƙe hannun Edna ta sake ba ta haƙuri. Edna ta ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya, tana kuma nufin hakan, ko da yake bayanta na ciwo har ta kasa miƙewa sosai.

A watan Agusta hoton shafin ya zo. Sunansa yana tsakanin wata mai kaɗa sarewa da wani mai tsara kiɗa da ya mutu tun kafin a haife shi. Edna ta karanta masa layukan guda huɗu, ta fassara. An cire waƙoƙin daga sunan Nathanael. An rubuta Kuve da ƙananan baƙaƙe, an ce ba a san shekarar haihuwarta ba. Ya sa ta maimaita wannan wurin, ya gyaɗa kai, ya tambaya ko an kawo wuta, yana son ruwan sanyi.

Bai koma waƙa a coci ba. Kaset ɗin ma bai sake yarda a kunna a gabansa ba. Edna ce ke saurare a keke da abin kunne, a hanyar Rumde, waƙa ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, ba kullum ba. Abin da ya canza shi ne ya fara kiranta. Tana tsakar wanki ko tuƙa tuwo sai ta ji, "Edna, kawo littafi." Wani lokaci layi ɗaya ne, wani lokaci sauti ne ba kalma. Littafin ajin ya kusa rabi, yawancinsa guntaye.

Wata Laraba cikin Satumba ta dawo da takardun jarrabawa saba'in da biyu da za ta duba kafin Juma'a. An yi ruwa da rana, tsakar gida duk taɓo, an mayar da kujerarsa baranda. Ta zauna a ɗaki ta duba goma sha ɗaya, idanunta na rufewa, sai ta ji kiran. Ta ce tana zuwa. Ta ƙarasa takardar da ke hannunta, ta nemi littafin ta rasa, sai a ƙarƙashin matashi ta gan shi, biron kuma ya ƙi rubutu ta koma ta ɗauko jan da take maki da shi.

Da ta fito, yana zaune yana kallon ruwan da ke ɗiga daga kwano, leɓɓansa na motsi kaɗan. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta buɗe shafi.

"Ina ji, Baba."

Ya buga hannun kujera sau biyu, ya tsaya.

"Ta tafi," in ji shi. "Yanzun nan tana bakina."

Ta ce ya bari, wataƙila ta dawo. Ya ce ta koma kan aikinta. Ta ce to, amma ba ta tashi ba. Ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, littafin a buɗe a cinyarta. Daga kicin Hajiya Asta ta ɗaga murya tana tambaya ko akwai mai son dafaffiyar gyaɗa, Edna ta ce a kawo musu kaɗan.